Hatimin Sirri da Haƙƙin Mai Tambaya: Tarihin Neman Buɗe Takardun Gwamnati, da Misali Daga Ƙasar Daura

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zama don ya rubuta wani abu game da tarihin ƙasar Daura na ƙarni na 20 ya san akwai inda bakin dattawa yake tsayawa. Za su faɗa maka wanda aka naɗa da wanda aka tuɓe, su faɗa maka zamanin da aka yanke wani ƙauye aka ba wata gunduma. Amma in ka tambayi hujjar da hukuma ta kafa, ko wanda ya ba da shawarar a yi haka, sai su ce wannan kuma yana cikin takarda. Ita kuwa takardar, sau da yawa tana cikin wani fayil da aka buga wa hatimin sirri tun ba a haifi mai tambayar ba.

Maƙasudin wannan muƙala shi ne a bi sawun yadda hukumomin gwamnati suke karɓar buƙatar talaka ko manazarci idan ya nemi a buɗe masa irin waɗannan takardu. Za mu dubi asalin al'adar ɓoye takardu a ofisoshinmu, da dokokin da aka kafa a kanta daga 1957 zuwa 2011, da kuma abin da yake faruwa a zahiri idan takardar neman izini ta isa teburin ma'aikaci. An ɗauki ƙasar Daura a matsayin misali saboda tarihinta ya sa takardunta sun warwatsu fiye da na yawancin masarautun Arewa.

Abin da muƙalar take son ta tabbatar guda ɗaya ne. A tsarin aikin gwamnati na Nijeriya, hatimin sirri yana da ranar bugawa amma ba shi da ranar cirewa, kuma babu wani ma'aikaci da aka ɗora wa alhakin cire shi. Daga wannan giɓi ne yawancin wahalar mai bincike take tasowa.

2.0 SIRRI KAFIN ZUWAN TURAWA

Ɓoye al'amarin mulki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kowace fada tana da asirinta, kuma akwai maganar da ba ta wuce zauren sarki da manyan 'yan majalisarsa. A Daura akwai Girgam, watau kundin jerin sarakuna, akwai kuma kayan tarihi da fada take riƙe da su. Mai son sanin abin da ke ciki yakan bi ta hannun wanda ya isa, a dube shi, a ga ko ya cancanta. A daular Sakkwato kuma wasiƙun mulki da Larabci ake rubuta su, a buga musu hatimi, su zauna a gidajen sarakuna da waziransu.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka fara fitar da irin waɗannan takardu fili su ne Turawan da suka ci ƙasar da yaƙi. A 1910 E. J. Arnett ya buga fassarar wani kundi na tarihin Daura a wata mujalla a Landan. A 1927 H. F. Backwell ya buga fassarar wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari bayan an ci birnin a 1903. A 1928 kuma H. R. Palmer ya sa labarin sarakunan Daura a cikin littafinsa mai suna Sudanese Memoirs. Watau dai sabuwar hukuma ta baje asirin wadda ta gada a kasuwa, a daidai lokacin da ita kanta take dasa harsashin nata asirin, wanda ya fi na da tsari da wuyar kutsawa.

3.0 FAYILOLIN TURAWA DA YADDA NA DAURA SUKA WARWATSU

Mulkin Turawa mulki ne na takarda. Di'o yana rubuta wa Razdan, Razdan yana rubuta wa Sakatariyar Lardunan Arewa, daga can kuma magana ta wuce har Ofishin Mulkin Mallaka a Landan. Akwai rahoton shekara, da rahoton ƙiyasta haraji na gunduma-gunduma, da littafin gunduma inda ake rubuta tarihin hakimai da iyakokinsu. Bayan waɗannan akwai fayilolin sirri: rahotannin halin sarakuna da hakimai, shawarwarin naɗi da tuɓewa, da labaran leƙen asiri. Tun daga rikicin Satiru na 1906 Turawa suka sa ido a kan malaman da suke zargi da Mahadiyanci, sa'an nan bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 idon ya koma kan 'yan siyasa. Irin waɗannan fayiloli, akawu ɗan ƙasa ma ba kasafai yake ganinsu ba, balle talakan da aka rubuta su a kansa.

Abubuwa uku ne suka sa na Daura suka rarrabu.

Na farko shi ne tarihin sarautar kanta. Bayan Malam Isiyaku ya ci Daura a zamanin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyarsa kuma suka kafa mulki a Zango da Ɓaure. Da Turawa suka zo, a cikin shekaru goman farko na ƙarni na 20, sai suka kawar da gidan Fulani suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka ba shi Daura. Wannan abu ne da ba su saba yi ba a sauran masarautun daular Sakkwato, inda galibi suka bar sarauta a gidajen da suka tarar. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi mulki har 1966. Hujjar da Turawa suka kafa wajen wannan babban canji, da muhawarar da suka yi a tsakaninsu, a cikin wasiƙunsu za a neme su.

Na biyu shi ne iyaka. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da aikin kafa alamun iyaka da Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka jagoranta daga 1906 zuwa 1908, sun raba tsohuwar ƙasar Daura biyu. Wani yanki ya faɗa hannun Faransa, ya shiga ƙarƙashin Damagaram. Saboda haka mai bin tarihin wani gari da ke kusa da Kwangwalam, rabin amsarsa na iya kasancewa da Faransanci, a Yamai, ko a Dakar inda hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa take, ko kuma a Aix-en-Provence inda Faransa take ajiye takardun ƙasashen da ta mallaka.

Na uku shi ne sauye-sauyen mulki a cikin gida. Daura ta zauna a ƙarƙashin Lardin Kano har 1934, lokacin da aka kafa Lardin Katsina. Daga 1967 ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka mayar Jihar Kaduna a 1976, sa'an nan a 1987 aka yanke Jihar Katsina. A 1976 ɗin kuma aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi. A yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Ɓaure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan canje-canje ya zo da kwashe fayiloli daga wannan ɗaki zuwa wancan. Don haka ne mai bincike a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yake neman Daura a jerin takardun Lardin Kano, ya neme ta a na Lardin Katsina, ya kuma neme ta a na Sakatariyar Lardunan Arewa.

Ko da M. G. Smith ya yi bincikensa a ƙarshen shekarun 1950, wanda ya zama littafin The Affairs of Daura a 1978, ya haɗa maganar dattawa da abin da hukuma ta rubuta. Ya kamata mu tambayi kanmu ko ɗalibinmu na yau, in ya so ya ɗora daga inda Smith ya tsaya, zai sami ƙofa a buɗe kamar yadda baƙon ya samu.

4.0 DOKOKIN DA AKA KAFA

4.1 Dokar ajiya, 1957 da 1992

Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya zagaya ƙasar nan a farkon shekarun 1950 ya ga halin da takardun gwamnati suke ciki. Sakamakon rahotonsa aka buɗe ofishin ajiye takardu a Ibadan a 1954, aka kafa masa doka a 1957, daga baya aka yi rassa a Inugu da Kaduna. A 1992 gwamnatin soja ta sake dokar da doka mai lamba 30. Wannan doka ta ce takardun da suka kai shekara 25 a buɗe suke ga jama'a, in ban da waɗanda aka keɓe. A takarda, ke nan, duk abin da aka rubuta kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya kamata a ce ana iya karanta shi yanzu. Sai dai dokar tana amfani ne a kan abin da ya iso gidan ajiya. Kowa da ya yi aiki a Kaduna ya san takardun zamanin Turawa sun fi na bayan 1966 yawa nesa ba kusa ba, domin ma'aikatu sun yi sakaci da miƙa tsofaffin fayilolinsu. Abin da ya biyo baya abin mamaki ne: ya fi sauƙi ka karanta wasiƙar sirri da Razdan ya rubuta a 1920 a kan ka ga wasiƙar da wata ma'aikatar jiha ta rubuta a 1980.

4.2 Dokar Sirrin Gwamnati, 1962

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai aka kafa Dokar Sirrin Gwamnati, wadda ta samo asali daga irinta ta Ingila ta 1911. Ta haramta wa kowa ya ba da, ko ya karɓa, ko ya riƙe takardar da aka keɓe ba tare da izini ba, kuma hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Dokar ta yi nufin abin da fitarsa zai cuci tsaron ƙasa. Amma a aikace, ma'aikaci yana yin rantsuwar riƙe sirri tun ranar da ya kama aiki, kuma hatimin ya bazu har kan fayilolin da ba su da alaƙa da tsaro ko kaɗan. Dokar ba ta faɗi shekarun da takarda za ta yi a rufe ba, ba ta kuma shimfiɗa hanyar da ɗan ƙasa zai bi ya ce a sake duba hatimin ba.

4.3 Zamanin soja

Mulkin soja ya ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi. Misalin da aka fi sani shi ne doka mai lamba 4 ta 1984, a zamanin Manjo Janar Muhammadu Buhari, wanda ɗan Daura ne. A ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda, saboda labarin da suka buga a kan naɗin jakadu. An soke dokar bayan juyin mulkin Agustan 1985, amma darasin da ma'aikata suka ɗauka bai gushe ba. Ko bayan dawowar mulkin farar hula, kwamitin Mai Shari'a Oputa da aka kafa a 1999 don bincika take haƙƙin ɗan Adam ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta buga shi ba, sai ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka fitar da shi a 2005.

4.4 Dokar 'Yancin Samun Bayanai, 2011

Tun 1993 ƙungiyoyin 'yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a suka fara aiki a kan daftarin wannan doka. An kai shi majalisa a 1999, majalisa ta amince a 2007, amma Shugaba Obasanjo bai sa hannu ba. Sai ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu. Muhimman tanade-tanadenta su ne:

(a) Kowa na da ikon neman bayani daga hukumar gwamnati, kuma ba dole ne ya faɗi dalilinsa ba.

(b) Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani. In ya nema da baki, ma'aikaci ne zai rubuta masa.

(c) Hukuma za ta ba da amsa cikin kwana 7, tana kuma iya ƙara wasu 7 in aikin yana da yawa. In ta ƙi, sai ta rubuta dalili. In ta yi shiru, doka ta ɗauka ta ƙi.

(d) Wanda aka hana yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu. In aka tabbatar an hana shi ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar Naira 500,000. Lalata takarda ko canza ta da gangan laifi ne da ɗaurinsa bai gaza shekara guda ba.

(e) An keɓe wasu abubuwa, kamar tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje, da binciken laifi, da sirrin rayuwar mutum. Duk da haka, a yawancinsu dole a auna amfanin jama'a da cutar da ake tsoro, kuma in ana iya cire ɓangaren da aka keɓe, sai a ba da sauran.

Sashe na 28 shi ne ya fi shafar batunmu. Ya ce kasancewar takarda tana ɗauke da hatimin sirri, ko ta shiga ƙarƙashin dokar 1962, bai isa ya hana a ba da ita ba. Dole ma'aikacin ya duba abin da ke cikinta ya ga ko ya faɗa cikin abubuwan da aka keɓe. Wannan shi ne karo na farko da doka ta ce a karanta takarda kafin a ce a'a.

Shekaru da dama jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, kuma a 2018 rassa biyu na Kotun Ɗaukaka Ƙara suka yanke hukunci masu karo da juna a kan wannan. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata ƙara da ta taso daga Jihar Edo, ta yanke cewa dokar ta hau kan dukkan matakan gwamnati. Saboda haka yanzu ma'aikatun Jihar Katsina da ƙananan hukumomin ƙasar Daura suna ƙarƙashinta.

5.0 ABIN DA KE FARUWA A TEBURIN MA'AIKACI

Doka daban, aiki da ita daban. Wanda ya yi ta kai irin wannan buƙata zai lura amsoshin da ake bayarwa ba su wuce iri huɗu ba.

Amsa ta farko ita ce shiru. Ita ce ta fi sauƙi ga ofis, domin ba ta bukatar kowa ya sa hannu. Doka ta ce shiru ƙi ne, amma daga nan sai kotu, kuma malamin makaranta ko manomi da wuya ya ɗauki lauya saboda fayil guda.

Ta biyu ita ce turawa gaba. Ƙaramar hukuma ta ce abin na jiha ne, jiha ta ce an bar shi a Kaduna tun 1987, Kaduna ta ce an miƙa wa Katsina. Doka ta yarda a miƙa buƙata ga hukumar da abin ya fi shafa, amma ta ce hukumar ce za ta miƙa cikin kwanaki kaɗan ta kuma sanar da mai nema. A aikace shi ake bari da yawon.

Ta uku ita ce ba a gani ba. Wannan amsa sau da yawa gaskiya ce, kuma ita ta fi ban tsoro. Gara da ruwan sama da gobara ba su san hatimi ba.

Ta huɗu ita ce ambaton tsaro ko rantsuwar aiki, ba tare da an buɗe fayil ɗin ba.

Bari in kawo abin da ya same ni. Sa'ad da nake aikin digirina na biyu a kan burtali da makiyaya a wata gunduma ta ƙasar Daura, na sami lambar wani fayil na shekarun 1970 a jikin wata wasiƙa da wani dattijo ya adana. Na rubuta wa ofishin da nake zaton yana riƙe da shi. Bayan zuwa uku, wani ma'aikaci mai kirki ya kai ni ɗakin ajiya, muka tarar da fayil ɗin a cikin wani tari da aka ɗaure da igiya. Ya karkaɗe ƙurar, ya ga jan hatimi a bangon, sai ya mayar ya ɗaure. Ya ce mini, "Malam, wanda ya buga wannan ya rasu, wanda ya gaje shi ya yi ritaya. In na buɗe maka, ni za a tambaya. In na hana ka, ba wanda zai tambaye ni." Ban ga laifinsa ba. A cikin magana uku ya bayyana mini dukkan tsarin. Hukuncin fitar da takarda shekara 14 ne kuma kowane ma'aikaci ya san da shi, hukuncin hana ta kuwa tara ce da sai an je kotu an yi nasara. Kowa aka ɗora a kan wannan sikeli ya san inda zai karkata. Daɗin daɗawa, a lokacin da nake wannan bincike rikicin manoma da makiyaya a kan wannan burtali bai mutu ba, kuma abin da kowane ɓangare yake rantsuwa a kansa yana iya kasancewa a zane cikin fayil ɗin da aka mayar aka ɗaure.

Har wa yau, sashe na 29 ya wajabta wa kowace hukuma ta aika wa Antoni Janar na Tarayya rahoto kowace shekara, kafin 1 ga Fabrairu, a kan yawan buƙatun da ta karɓa da yadda ta yi da su. Hukumomi da yawa ba sa aikawa, don haka ko auna girman matsalar ma yana da wuya.

6.0 DARASI DAGA WAJE

Kada a ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Ingila dokar 1958 ta ce a buɗe takardu bayan shekara 50, a 1967 aka rage zuwa 30, daga 2013 kuma aka fara ragewa zuwa 20. Suna da dokar 'yancin samun bayanai da ta fara aiki a 2005. Duk da haka, sai a Afrilun 2011 gwamnatinsu ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayiloli da aka kwaso daga ƙasashen da ta mallaka gab da ba su 'yanci, an ɓoye su a wani wuri mai suna Hanslope Park. Kenya ta nemi a mayar mata da nata tun 1967 aka ƙi. Abin da ya tona asirin shi ne ƙarar da wasu tsofaffin Kenya suka shigar a Landan a 2009 a kan azabar da aka yi musu zamanin tawayen Mau Mau, da nacin masana tarihin da suka tsaya musu. Daga 2012 zuwa 2013 aka miƙa fayiloli wajen 20,000 na ƙasashe fiye da 30 ga gidan ajiya na ƙasa da ke Kew, kuma Nijeriya tana cikinsu. A 2013 Ingila ta biya mutum 5,228 diyya, wadda haɗe da kuɗin shari'a ta kai fam miliyan 19.9. Waɗansu fayilolin kuwa ƙone su aka yi tun kafin Turawa su tashi.

Darasin a fili yake. Takardar da ba ta cikin jerin da jama'a za su iya dubawa, dokar neman bayani ba ta isa gare ta, domin mutum ba ya tambayar abin da bai san da shi ba.

Amurka kuma, wadda ta kafa tata dokar a 1966, ta bi wata hanya da ta dace mu duba. Bisa umarnin shugaban ƙasa na 2009, wanda ya keɓe takarda dole ya rubuta ranar da za a buɗe ta, kuma takardu masu darajar tarihi suna buɗewa da kansu bayan shekara 25 sai in hukuma ta kawo hujjar ci gaba da rufewa. Ɗan ƙasa na iya neman a sake duba takarda guda, in an ƙi ya ɗaukaka ƙara. Su ma suna fama da jinkiri mai tsawo, amma nauyin kawo hujja yana kan mai rufewa.

7.0 ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, a yi jeri. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da taimakon manyan makarantunmu, tana iya bin ɗakunan ajiya na ƙananan hukumomi biyar na masarautar ta rubuta lamba da suna da shekarar kowane tsohon fayil, ko da ba a buɗe shi ba. Wannan aiki ne da ɗalibai za su iya yi a lokacin hutu in an koya musu.

Na biyu, gwamnatin jiha ta fitar da umarni cewa duk wanda zai buga hatimin sirri ya rubuta ranar sake dubawa, a kuma naɗa jami'in da aikinsa ke nan. Da akwai irin wannan umarni, ma'aikacin da na ambata da ya sami abin dogara.

Na uku, a ɗauko hoton takardun Daura da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Kew, da Yamai, a tara su wuri guda a Daura. Da kyamarar waya da kwamfuta, wannan bai kai tsadar da yake da ita a da ba.

Na huɗu, a fara tunanin takardun zamaninmu. Muhammadu Buhari ya mulki ƙasar nan daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, ya sake mulki daga 2015 zuwa 2023, ya rasu a Yulin 2025 aka binne shi a Daura. Takardun mulkinsa na farko sun wuce shekara 25 ɗin da doka ta yanka tun tuni. Masoyansa da masu sukarsa duka suna bukatar a adana su a kuma buɗe su, domin in babu su, ji-ta-ji-ta ce za ta rubuta tarihin.

Na biyar, mu manazarta mu san iyakarmu. Akwai sirrin da ya cancanci a kiyaye. Fayilolin kotunan alƙalai da rahotannin sirri suna ɗauke da maganar aure da gado da asalin mutane waɗanda jikokinsu suna raye a cikinmu, kuma buɗe fayil bai ba kowa izinin cin mutuncin wani gida ba. Haka kuma abin da Di'o ya rubuta ba wahayi ba ne. Marigayi Yusufu Bala Usman ya sha jan hankalinmu cewa a tuhumi kowace majiya, a san wanda ya rubuta da abin da yake nufi. Rahoton sirri sau da yawa tsegumin fada ne da tafinta ya juya, Bature ya rubuta. Amma sai an gan shi sa'an nan za a iya tuhumarsa.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga yadda al'adar ɓoye takardu ta taso daga ofishin Razdan, dokar 1962 ta ba ta haƙora, mulkin soja ya ƙarfafa ta, sa'an nan dokar 2011 da hukuncin Kotun Ƙoli na 2025 suka ba ɗan ƙasa ikon tambaya. Mun kuma ga cewa ikon tambaya bai wadatar ba muddin fayil ba ya cikin jeri, hatimi ba shi da wa'adi, kuma ma'aikaci ya fi tsoron bayarwa a kan hanawa. Ƙasar Daura, wadda takardunta suke Katsina da Kaduna da Yamai da Landan, ta fi kowa bukatar a gyara wannan. Ina roƙon mahalarta wannan taro, musamman masu koyar da tarihi, kowa ya sa ɗalibansa su rubuta buƙata guda a kan wani tsohon fayil na garinsu, su ajiye kwafe da ranar da aka karɓa, su kuma rubuta amsar da aka ba su. In muka haɗa waɗannan a taro na gaba, za mu sami hujjar da za mu kai gaban hukuma.